Makokin Gungunmu

Ruwa ya riga ya cinye gonakin albasarmu lokacin da Inna ta ce ita ba inda za ta. An toshe kogin Kwara a Kainji, gwamnati ta gina mana gidajen siminti a kan tudu ta wajen Yelwa, mutanen gungunmu, wato tsibirin da aka haife mu, sun kwashe saura tsofaffi kaɗan. Ni ne babban ɗanta, ni ke da kwalekwale, kullum ina cikin jigila, yau hatsin wannan, gobe awakin wancan. Duk sanda na dawo sai in tarar ruwa ya ƙara matsowa, Inna kuwa tana ƙofar ɗaki tana tsintar shinkafa.

"Inna, don Allah ki tashi."

"Ba ni tahiya. Ubanka na nan kwance, uwata na nan. In bar su ga kihi?"

Na yi lallashi, na yi faɗa, na turo ƙanenta, duk a banza. Ni dama gajen haƙuri gare ni, ga tsoro ya hana ni sakat. Ko tuwo a tsaye nake ci.

Cikin masu aikin tashin nan akwai wani Bature mai duba rijiyoyi da matarsa mai ba da magani. 'Yan Kweka ne, Kiristoci amma ba irin na mishan ba, ba su da coci, ba fasto, ba waƙa. Matar tana jin Hausa kaɗan-kaɗan, na taɓa tambayarta yadda suke ibada. Ta ce zama suke yi shiru su jira, wai akwai hasken Allah a cikin kowane mutum. Na ce a raina, masu jira dai sun ishe ni.

Wata Lahadi na roƙe su suka biyo ni, ko Inna za ta ji maganar baƙo. Muna sauka sai suka ce lokacin ibadarsu ya yi. Suka zauna a gindin tsamiya, kai a sunkuye, hannu bisa gwiwa. Ni kuwa ina ta kai da kawowa a bakin ruwa, raina kamar ya fashe.

Inna ta hango su. A wurinmu manya ba sa zama haka, ba hira ba aiki, sai in an yi rasuwa. Ta yafa mayafi, ta zo ta durƙusa.

"Sannunku da haƙuri. Wa ar rasu?"

"Ba kowa, Inna," in ji matar a hankali. "Zama kawai muke yi."

Inna ta waiga ta dubi garin. Ɗakuna ba jinka, rumbuna a buɗe, ko kukan zakara babu.

"A'a, ɗiyata," ta ce. "An yi rasuwa."

Ta gyara zane ta zauna. Sauran tsofaffin da suka ga an yi zaman makoki suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya nemi wuri. Ba wanda ya yi magana. Ina jin ruwa yana lasar gindin kwalekwale, na ga rana ta fara karkata, na ciji leɓe na haƙura.

Can sai Inna ta fara magana, ba ta kallon kowa. Ta kira sunan Baba, ta faɗi inda yake kwance. Ta kira na uwarta, sannan na ƙannena da suka tafi tun suna goye, waɗanda ban taɓa jin ta ambata ba. Wani tsoho ya karɓa ya kira nasa. Turawan ba su ɗaga kai ba har aka gama, shiru ya sake sauka.

Daga baya Baturen ya miƙa wa matarsa hannu, ashe haka suke rufe zamansu. Namu suka ɗaga hannu aka shafa Fatiha.

Inna ta shiga ɗaki ta fito da tabarma da tukunyar miya, ta wuce ni ta shiga kwalekwale, ta ba garin baya.

"Tura," ta ce. "Mi ya rage?"

Na kafa gorar tuƙi a cikin laka. Ni da nake ta gaggawa tun farkon damina, sai na kasa turawa, hawaye suna bin fuskata. Sai da Baturen ya tuɓe takalmi ya shiga ruwa ya tura mu.