Kan Jirgin Anbariyya da Bayan Hannun Kakana

Abin da na fara gani da muka shiga tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Anbariyya a Madina shi ne tsakuwar da ke ƙarƙashin kan jirgin, wato injin da ke jan taragai. Fes take, ko ɗigon mai babu. Sai daga baya na ɗaga kai na dubi jirgin kansa, baƙi wul, fentinsa yana ƙyalli, an kewaye shi da igiya. A wannan watan kakana, Malam Iliyasu, ya cika shekara biyar da rasuwa. Makarantarmu ba ta san da haka ba. Ranar kai mu kallon kayan tarihi ce kawai ta faɗo a ciki.

Ina da shekara goma ya rasu. Ban yi kuka ba ranar, ban yi washegari ba, kuma har yau ban yi ba. Idan aka ambaci sunansa nakan tsaya in saurari cikina, kamar mai jiran ruwa ya zo a famfo, sai in ji shiru. A gidanmu ma ba a cika ambatonsa ba. Umma, wadda ita ce 'yarsa, takan yi masa addu'a bayan salla, ta naɗe darduma, shi ke nan. Ni da ita muna kwana ɗaki ɗaya, amma ba mu taɓa zama mun yi hirarsa ba. Tsorona shi ne mu ci gaba a haka har in girma, ya zama ba abin da ya rage mini nasa sai suna.

A Sudan aka haife shi, kusa da Sannar, inda iyayensa suka yada zango a kan hanyar aikin Hajji suka zauna. Yana saurayi ya shiga aikin jirgin ƙasa, zamanin da wuta da tururi ke jan jirgi. Shi ne mai kula da wutar. Ya ce mini duk tashar da suka tsaya, kafin ya sha ruwa sai ya sauka ya bi jikin jirgin yana taɓa wurin da kowace ƙafa take juyawa. Idan wani wuri ya ɗauki zafi fiye da 'yan'uwansa, to mai ya ƙare masa, in ba a kula ba ƙarfe zai ci ƙarfe a tsakiyar daji. Ba da tafin hannu yake taɓawa ba. Tafinsa ya yi kanta saboda shebur, ba ya jin komai. Da bayan hannu yake yi, wurin da fata take da laushi.

Ya bar jirgi, ya zo Madina, ya tsufa a unguwar Harra ta Gabas, amma hannun bai bar aikin ba. Butar shayi, da bayan hannu. Na'urar sanyaya ɗaki in ta fara ƙara, da bayan hannu. Bangon gida da la'asar, da bayan hannu, wai yana so ya san ko daren zai yi daɗin barci. Mu yara kuwa duk wanda ya gifta ta gabansa sai ya ɗora masa yatsu a goshi ya ce, "Wuce, lafiyarka lau." Umma ma a wurinsa ta koya. Haka ta rene mu ni da yayana Usman, ba ta taɓa tambayarmu ko muna jin zazzaɓi ba, hannu kawai take juyawa.

Ni yake ɗauka zuwa Anbariyya, saboda Usman ba ya iya tsayawa wuri ɗaya. Hajiya Shiru yake kirana. Mukan je bayan la'asar, ya tsaya gaban kan jirgin ya yi masa sallama kamar mutum, ni kuma in ɓuya bayan rigarsa don kada mutane su gan mu. Yadda na tuna, a lokacin ana iya matsawa kusa. Wata rana ya kama hannuna, ya juya shi, ya ɗora a jikin ƙarfen.

"Me kika ji, Hajiya Shiru?"

Na ba shi amsa da Larabci, na ce da zafi.

"Da Hausa na tambaye ki. Ko sai na nemo tafinta tsakanina da jikata?"

"Da zafi, Kaka."

"Wannan zafin rana ne. Daga waje ya zo, in magariba ta yi zai tafi abinsa. Zafin mai rai daga ciki yake fitowa, yana ɗan motsi a ƙarƙashin fata." Sai ya mayar da hannuna kan goshinsa. "To, na wannan tsohon injin fa?"

Na ce yana motsi.

"Alhamdulillahi. Ashe da sauran tafiya."

Kwanakin baya Usman ya nuna mini wasu hotuna masu motsi a wayarsa. A wasu ƙasashe, ashe, an gyara irin waɗannan tsofaffin jiragen, ana hura musu wuta a ranakun hutu, mutane su sayi tikiti su hau, a kai su 'yar gajeriyar tafiya a dawo da su inda aka ɗauko su. Suna leƙowa ta taga suna dariya, hayaƙi yana bi ta kansu. Na daɗe ina tunanin abin da Kaka zai ce. Wataƙila zai yi dariya ya ce hayaƙin da ya cinye masa ƙirji ne yau ake biya a shaƙa. Wataƙila kuma ba zai kalli fasinjojin ba sam. Zai sa a tsayar da hoton daidai inda wani mutum ya sauko yana bin jikin jirgin, don ya ga ta wane gefen hannu yake taɓawa. Jirgin zamani mai gudu da ke zuwa Makka kuwa, an fara shi yana da rai, amma bai taɓa hawa ba. Ya ce yana da kyau, Allah ya sa albarka, sai dai shi bai san inda zai taɓa ba.

Ranar da ya rasu, ya dawo daga sallar asuba ya kishingiɗa a falo kamar kullum. Ina shirin makaranta, ina neman ƙafar safata ɗaya. Umma ta kawo masa shayi ta ajiye. Ta kira shi, bai amsa ba. Na ga ta durƙusa, ta juya hannunta, ta ɗora a goshinsa. Ta daɗe a haka. Sannan ta janye hannun, ta riƙe shi da ɗayan, kamar abin da ya ƙone. Abin da na fi tunawa shi ne tururin da ke tashi daga kofin shayin, da safar da ke hannuna mai ɗigon shuɗi.

Bayan nan komai ya tafi da sauri. Maza suka cika gidan, aka mayar da mu ɗakin ciki. Kafin la'asar an yi masa salla a Harami an kai shi maƙabartar Baƙi'a. Kowa ya ce ya dace, kuma na san ya dace. Amma mata ba sa shiga can, kaburburan kuma ba suna a kansu. Idan muka wuce ta gefen katangar nakan leƙa in ga ƙasa da duwatsu da tattabaru, ban san inda zan ajiye idona ba. Ni ban taɓa shi ba ranar. Ba wanda ya hana ni da baki, ni ce dai ban matsa ba, har aka ɗauke shi.

Tun daga ranar Umma ba ta ƙara juya hannunta a kan kowa ba. A hanyarta ta dawowa daga shagon ɗinkin da take aiki a titin Sultana ta sayo abin gwada zafi, irin wanda ake nuna wa goshi daga nesa ya yi ƙara. Yana cikin aljihun tebur. Ko tukunya za ta duba, da tsumma take kamawa. Ba wanda ya lura sai ni, ni kuma ban ce komai ba.

Ranar da makaranta ta kai mu, malamarmu tana gaba tana bayanin yadda jirgin yake kawo mahajjata daga Sham a zamanin da, 'yan ajinmu suna ta ɗaukar hoto. Ƙawata Hawwa, wadda iyayenta mutanen Chadi ne, ta ja mini hannun abaya.

"Ke, yalla, zo mu shiga hoto. Kin tsaya kamar ke ma kayan tarihi ce. Wallahi in kika ƙara jimawa za su kewaye ki da igiya."

Na ce ta je, ina zuwa.

"Kullum ina zuwa. Halas, shi ke nan, zan ce wa malama an samu ƙarin gunki ɗaya."

Ta tafi tana dariya. Na matsa har jikin igiyar. Ban tsallake ba, ba halina ba ne, kuma na san don kare jirgin aka sa ta. Na miƙa hannu iya inda ya kai. Saura kaɗan tsakanina da ƙarfen, amma hucinsa yana zuwa. Zafin rana ne, mai kwance, ba ya motsi. Na jira in ji wani abu ya tashi a ƙirjina. Bai tashi ba. Sai da zan janye na lura da yadda hannun yake: tafin yana kallona, bayan yana kallon jirgin. Ban shirya hakan ba. Na tsaya ina kallonsa kamar hannun wata.

A cikin motar makaranta na yi ta lissafa abin da ya rage na Kaka. Muryarsa ta fara dusashe mini. Fuskarsa sai na duba hoto. Rigunansa an bayar sadaka. Jirgin da yake yi wa sallama ba shi ma ya taɓa hura wa wuta ba, kama kawai suka yi da nasa. Abin da na tabbata ya rage shi ne wannan juyin hannun, kuma mu biyu ne muke da shi a gidan. Ɗaya ta ajiye nata shekara biyar. Idan ni ma na yi shiru, nan gaba 'ya'yan Usman ba za su san an taɓa yin haka ba.

Na tarar da Umma a kicin tana yanka albasa. Ta ɗago ta dube ni.

"Ya binti, 'yata, me ya sami fuskarki? Rana suka bar ku a ciki? Ina kuka je ma?"

"Anbariyya."

Wuƙar ta tsaya. Ta wanke hannu, ta goge a jikin zanenta, ta nufi aljihun teburin da abin gwada zafin yake. Na riga ta isa, na tsaya a gabansa. Na saba ba ta amsa da Larabci, amma wannan karon da Hausa maganar ta fito, a hankali, har ban tabbata ta ji ba. Na zame mayafina baya, na matsa kusa da ita, na sake faɗa.

"Umma, bar wannan. Don Allah ki duba ni da bayan hannunki, yadda Kaka yake yi."