Babin da Mai Zare bai hawo da shi ba

Na Allah ne mu, kuma wurinSa muka nufa. Da hantsin Laraba, tara ga watan Maris, 'yata ta hawo bene ta tsaya a bakin ƙofa, ko sallama ta kasa. Ta ce, "Baba, Mai Zare ya rasu." Mai Zare, ciwon ƙirjin nan ne da ka daɗe kana rainawa.

Ban je jana'izarka ba. Da me zan je? Tun da na faɗo daga turken lantarki, duniyata ta koma gado da taga. Ina kwance na ji an ja ƙofar shagonka na ɗinkin littattafai a ƙasan benenmu, na ji takun mutane yana nisa da kai. Wallahi ranar na ji haushin ƙafafuna fiye da ranar da likita ya ce ba za su tashi ba.

'Yata ce ta fara cika mini waya da tsofaffin littattafai, irin waɗanda marubutansu suka daɗe da mutuwa, kowa ke saukewa kyauta. Allah Ya yi mata albarka, amma yatsuna rawa suke yi. In taɓa, shafi ya tsallake. In ɗaga, wayar ta faɗo mini a hanci. Ka zo dubiya ka tarar ina masifa, ka yi dariya har ta koma tari. Ka ce, "Sarkin bene, ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan?"

Ka karɓi littafin daga wayar, ka buga shi da manyan haruffa, ka ɗinke yadda zai kwanta a buɗe a kan katakon da nake cin abinci. Sai dai babi ɗaya kake kawowa duk Asabar. Na ce rowa ce, mutum da injin buga takarda a gabansa. Ka ce, "In na kawo duka, sai yaushe zan sake ganin fuskar shanun nan?" Za ka zauna a gefen gado kana haki, mu yi ta musu a kan mutanen littafin kamar maƙwabtanmu ne. Ban taɓa tunanin abin da matakalar nan take yi wa ƙirjinka ba sai yanzu.

Babi ɗaya ya rage a littafinmu na ƙarshe. 'Yata ta ce, "Baba, ai yana cikin waya, bari in riƙe maka." Gaskiyarta, harafi ɗaya bai bambanta ba. Na ce ta bari tukuna. Ina son sanin ƙarshen labarin, amma ran da na karanta shi, babu sauran abin da zai sa in kasa kunne ga matakala. Jiya Asabar, na kasa kunnen har la'asar.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka da 'ya'yanka. Ku yafe mini rashin saukowa, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Kai kuma, Mai Zare, Allah Ya jiƙan ka, Ya kai haske makwancinka, Ya sa kowane taki da ka yi a benen nan ya shiga mizaninka. Ya yalwata maka kabarinka, don ni na san ƙuncin ɗakin da ba a hawowa.