Badamasi da Injin Ban-ruwa

Idan akwai mutumin da ya taɓa sa ni ciwon kai a garinmu Ƙofa, to Badamasi ne, kuma ba da mugunta ba. Shekarunsa hamsin da ɗoriya, manomin rani ne, albasa da tumatir. Tun yana saurayi da bokiti yake ɗebo ruwa daga rafi yana bai wa shukarsa, har kafaɗarsa ta dama ta karkace. Irin mutanen nan ne da ko a gaban kwanon tuwonsa sai ya ce kai za ka fara sa hannu.

Bara wani ɗan garinmu mazaunin Legas ya aiko da injin ban-ruwa sabo fil, ya ce a bai wa wanda gonarsa ta fi kyau. Za a sa hotuna a zaurenmu na WhatsApp, mutane su zaɓa. Ni ke kula da zauren, tsautsayi ya faɗa kaina. Da ƙafata na je na ɗauki hoton gonar Badamasi, don na san shi ba zai yi ba. Aka tankaɗe aka rairaye, ya rage shi da Habu, wanda injinsa biyu a gida.

Mu ɗari da arba'in ne a zauren, amma Habu ya sami ƙuri'a ɗari biyu da bakwai. Ashe dangin matarsa na Kiru da Tudun Wada aka yi ta turo wa hanyar shiga. Na wuni ina korar baƙi, na ce a sake.

Aka sake, Habu ya kuma yin gaba. Na bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, sai ga ta Badamasi ta zaɓi Habu. Ban gama salati ba na ga tawa ma shi ta zaɓa, ni da na rantse ba zan zaɓi kowa ba! Nan na tuna duk garin a shagon Ɗantani muke barin waya caji, shi kuwa ƙanin matar Habu ne. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na ce to, waya ta huta. Bayan sallar Juma'a kowa ya zo filin firamare, ƙato bayan ƙato, duk wanda ke layi a ƙirga shi, har ɗan takara. Ranar, na ƙirga layukan a fakaice: Badamasi sittin da ɗaya, Habu sittin. Na soma hamdala a zuci.

Kafin mu fara ƙirga a fili, sai Badamasi ya fita daga layinsa, ya taka a hankali, ya tsaya a bayan na Habu.

Na ce, "Badamasi, me kake yi haka?"

Ya sunkuyar da kai. "Haba Malam, mutum ya zaɓi kansa a gaban jama'a? Ai da kunya. Shi ma yanzu zai dawo nawa."

Muka zuba wa Habu ido. Ko gezau, sai ma gyara hularsa da ya yi. Dokar tawa ce, da bakina na faɗe ta, dole na miƙa masa injin.

Jiya na bi ta bakin rafi. Injin Habu na uku yana ta ruri, Badamasi yana hawowa da bokiti a karkatacciyar kafaɗarsa. Da ya gan ni ya sauke, ya tuge albasa huɗu manya ya miƙo mini.

Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, na ba ka wahala."