Tafin da Yara Suka Hana Hedimasta

Duk sanda na tuna Litinin ɗin nan, ɗaya ga Yuni 2015, sai raina ya ɓaci kamar yau abin ya faru. Lokacin ina mataimakin hedimasta a wata firamare a Nassarawo cikin Mubi, ba mu daɗe da dawowa daga gudun hijirar da rikici ya sa mu ba.

Muna da wata al'ada. Kowace safiya a filin asambuli, malamin da ke kan aiki a makon zai faɗa wa yara abin da ya taɓa faruwa a rana irin ta yau, su kuma su tafa. Makon ya faɗo kan Malama Rifkatu mai aji biyar.

Ɗaya ga Yuni kuwa ba ƙaramar rana ba ce a Mubi. Ranar ce a 1961 yankinmu ya shiga Nijeriya, bayan iyayenmu sun zaɓi hakan da ƙuri'a. Ranar ce kuma a 2014 bam ya tashi a Kabang, wajen masu kallon ƙwallo. Mijin Rifkatu yana cikin waɗanda suka rasu.

Hedimasta ya kira mu ofis, ya ce sufeton makarantu zai zo ya ga komai ya daidaita. "Malama, na 1961 kawai za ki faɗa. Ba na son koke-koke gaban baƙo."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ɗauke mata mana, ni in tsaya."

Wai tsari tsari ne. Mutumin da duk ranar kasuwa ba ya kai azahar a makaranta!

Rifkatu ta tsaya gaban yara ta faɗi na 1961 tsaf. Sannan ta ce, "Yara, wannan rana yana da wani labari kuma. Bara kamar yau mutanenmu sun je kallon bol, ba su dawo ba. Maigidana yana ciki. Wanda ya rasa nashi, ya tuna da shi."

Hedimasta ya yi wuf ya shiga gabanta. "To, a tafa wa Nijeriya! A tafa!"

Ko hannu ɗaya bai motsa ba. Tafinsa kaɗai ake ji a filin, har ya gaji ya bari.

Kafin hutu aka yi mata canjin aiki zuwa ƙauyen Kwaja mai nisa, tsakiyar damina, da ƙananan marayu a hannu. Na shiga ofishin hedimasta na ce, "Ƙarya ta yi?"

Ya ce, "Ba ƙarya ba ne, amma ba ya cikin manhaja."

Ku da kuka fara koyarwa yanzu, ku san inda kuka shigo. Manyanmu suna son tarihi, amma wanda ya huce, wanda mamatansa ba su bar matansu a ɗakin malamai ba. Al'adar ma hedimasta ya soke ta. Ni kuwa har na yi ritaya, duk ɗaya ga Yuni sai na rufe ƙofar ajina na faɗa wa yara duka biyun.