Injin da Baba Ya Bar Mini

Ranar wata Asabar ce, a farkon sanyin shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, Baba ya bar Aliero. Motar albasar da za ta kai shi kudu tana tsaye a bakin titi, direba ya aiko sau biyu, ni kuwa na riƙe gefen rigarsa da hannu biyu ina kuka, majina har baki. Ya lallashe ni, ya yi mini tsawa, duk a banza. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya ja ni zaure inda injinsa na ban ruwa yake ajiye a kan buhu, ya durƙusa ya ce, "Balki, saki rigar ga ki gani. Injin ga na bar miki shi amana. Kowace Jumma'a ki tada shi, shi yi kuka kaɗan, ki kashe. Inji in anka bar shi kwance, mutuwa shikai. Kahin in dawo kar ki bari shi mutu." Ya nuna mini inda ake buɗe mai, da ɗan ƙarfen da ake turawa idan da sanyi, da yadda zan take ƙarfen gindin da ƙafa in fizgi igiya. Na saki rigar don in gwada. Kafin in ɗago kai ya kai bakin ƙofa.

A shekarar ne albasar da ya ajiye a rudu, rumfar ajiyar albasa, ta ruɓe da damina, har sai da aka riƙa kwasarta da shebur, unguwa ta yi mako tana wari. Ya ba wani aron garkarsa ta fadama, ya ce zai je ya nemo abin da zai sake farawa da shi. Mahaifiyata tun ina goye aurensu ya mutu, ta koma Maiyama ta yi wani aure, sai da salla nake ganinta. Saboda haka gidan ya rage daga ni sai Inna, mahaifiyar Baba, sai awaki biyu da ɗakin Baba da kwaɗo a ƙofarsa. Gida ne mai faɗi, idan na yi magana a tsakar gida nakan ji kamar na yi ta da yawa.

Inna mace ce da ba ta yarda a ɓarnatar da wuta. Da sanyi ya shigo ta kwashe shimfiɗata ta mayar ɗakinta, ta ce mutum biyu ba sa bukatar wuta biyu. Idan ta sauke tuwon yamma, ba ta barin garwashin murhu ya mutu a tsakar gida. Takan kwashe shi a kasko, ta ɗora guntun icen kirya guda ɗaya tak, ta yayyafa toka sama-sama don ya riƙa ci a hankali, sannan ta jingina butar alwala a gefe. Kara ba ya shiga kaskonta, ta ce shi wutar gayya ne, ya yi bal-bal ya bar ka da hayaƙi. Taga takan toshe ta da tsumma, ta saki asabari a ƙofa, amma akwai wani ɗan gibi a saman ƙofar da ba ta yarda a taɓa. Na taɓa cusa masa tsohon zane don iska na damuna, ta fizge shi ta ce, "Wuta ma numhwashi takai. In kin toshe mata hanci, ta toshe naki." Da asuba sai ta tona tokar da tsinke, ga jan garwashi yana nan da ransa, ruwan buta da ɗumi. Ban taɓa ganin ta sayi ashana da sanyi ba. Kwalbar fetur kuwa ta hana ta kwana ko kusa da ɗakin, sai can bayan rumbu ƙarƙashin fasasshiyar tukunya.

Ni kuma tawa wutar tana zaure. Duk Juma'a idan an tashe mu makaranta da wuri, 'yan ajinmu sukan tsaya gindin darbejiya su yi carafke ko su shirya gaɗar yamma, ni sai in rungumi jakata in yi gida da sauri. Nakan ja buhun da injin a kai har bakin zaure inda iska take, in goge shi da tsumma, in zaro ɗan sandan baƙin mai in duba kamar yadda na ga Baba yana yi, in zuba fetur kaɗan. Makon farko igiyar ta kusa cire mini kafaɗa. Da tafiya ta yi tafiya na san halinsa: ja biyu a hankali, na uku da ƙarfi. Yana tashi awaki su watse, Inna ta toshe kunne ta ce, "To, bakanike ba gemu an hwara." Nakan bar shi ya yi ta ruri iya tsawon da zan wanke kwanuka uku, sannan in kashe. Abin da na fi so shi ne bayan an kashe. Ƙarfen yakan yi zafi, yana ɗan ƙas-ƙas yana hucewa, warin fetur da baƙin mai ya cika zauren, irin warin da ke jikin rigar Baba idan ya dawo daga fadama. Sai in zauna in kara tafin hannuna kusa da shi har ya huce. Wani lokaci ina ba shi labarin makaranta. Ba na jin kunyar faɗa yanzu, kewa ce take cina, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

A raina na ƙulla wata magana da ba wanda ya koya mini: muddin injin yana tashi, Baba zai dawo. Sanyi ya wuce, bazara ta wuce, damina ta zo ta tafi, bai dawo ba. Saƙo dai yakan zo ta bakin direbobin albasa, wai yana lafiya, wai a gaishe mu. Shekara ta biyu ta yi mana tsanani, har akuya ɗaya ta tafi kasuwa. Wani manomi daga wajen Jega ya zo har zaure ya ce a sayar masa da injin, tunda yana zaune ba aiki. Inna ta dube shi, ta dube ni ina tsaye riƙe da tsumman gugar, sannan ta ce, "Ba nawa na ba. Mai shi ga ta nan, kuma ba ta saidawa." A watan nan sau da yawa kunu muka sha muka kwanta, amma kuɗin fetur na Juma'a bai taɓa yankewa ba, daga cinikin daddawarta take cirewa.

Muna da wani malami, Malam Bitrus, Kirista ne da aka turo daga wata jiha, yana haya a bayan layinmu. Shi yake kula da lambun makaranta, kuma shi yake gyara babur ɗinsa da kansa. Kowace safiya mu 'yan aji biyar muke jigilar ruwa da gwangwani daga kududdufin bayan makaranta zuwa fangulan albasa da latas, ƙafafunmu duk sun yi kaushi. Wata rana ya tare ni ya ce duk Juma'a yana jin kukan inji daga gidanmu, na waye? Na ce nawa ne. Ya je ya gaida Inna ya roƙi aro na yini ɗaya, ta ce a tambaye ni. Na yarda, bisa sharaɗin ni zan tayar. Gaskiya so nake a gani. Shekara guda ana ce mini mai warin fetur, ina so yau su ga abin da warin ya haifa.

Aka ɗauko shi a baro, makaranta duk ta kewaye bakin kududdufi. Malam ya ɗaura tiyo, ya jefa bakin ɗaya a ruwa, ya kwance wani murfi a saman injin ya cika shi da ruwan bokiti. Na taka, na ja biyu a hankali, na uku da ƙarfi, ya tashi. Yara suka yi ihu, na ji kaina ya yi girma. Muka zuba ido ga bakin tiyo. Shiru. Tiyon yana kwance a ƙasa kamar tsohuwar igiya, ko ɗigo bai fito ba. Malam ya kashe, ya ƙara ruwa, na sake tayarwa, haka dai. Sai ya durƙusa ya leƙa ƙasan injin, ya ga ruwan da ya zuba yana tsiyayewa daga tsakiya. Kafin nan dariya ta fara zagayawa, wata ta ce injin Balki surutu ya iya kawai. Malam ya kore su aji, ya ce ni in tsaya.

A inuwar darbejiya ya kwance kan injin, ya zaro wani ɗan zobe da ya ƙone ya tsage, ya ɗora mini a tafin hannu. Ya ce, "Bilkisu, da kike tayar da shi a gida, kina zuba masa ruwa a nan sama?" Na ce a'a. Na sha ganin Baba yana zubawa a fadama, amma na ɗauka don ya jawo ruwan rijiya ne, a gida kuwa ba abin da zai jawo. Malam ya ce wannan zoben shi ke hana ruwa zuba da iska shiga, kuma ruwa ne yake sanyaya shi. Idan inji ya yi gudu a bushe, ƙonewa yake yi. Wato kowace Juma'a, da tsummana da fetur ɗin daddawar Inna, ni da hannuna nake cinye amanar kaɗan-kaɗan. Ban yi kuka da ƙarfi ba. Na ce, "Malam, ke nan Baba ba shi dawowa?" Bai gane abin da ya haɗa su ba, amma ya ce injin bai mutu ba, da bai samu irin kulawata ba, da tuni mai ya daskare masa a ciki. Kwana biyu bayan haka ya hau babur ya je Jega ya sayo sabon zobe, ya sa ni na riƙe masa sifana har ya gama ɗaurawa. Da ruwan ya ɓulɓulo daga tiyo ya cika fangali na farko, yara suka yi ta tsalle a ciki, ni kuwa tsohon zoben nake matsewa a hannu, ina lissafin yadda zan gaya wa Baba.

Watanni na yi ina shirya maganar. Zan fara da cewa ban tsallake Juma'a ko ɗaya ba, sannan in faɗi laifina, in nuna masa zoben, in ya ga dama ya doke ni. Ya dawo a sanyi na uku, da la'asar, ya rame, yana tari, da 'yar jaka ɗaya a kafaɗa. Inna ta kawo masa kaskonta gabansa tun rana ba ta faɗi ba, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Na bari ya sha ruwa ya huta, sannan na jawo buhun har tsakar gida, na cika saman injin da ruwan buta, na taka, ja uku ya tashi. Na kashe na tsaya, zoben yana ƙulle a bakin zanena. Baba ya dubi injin ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Au! Injin ga na nan? Ni na aza kun saida shi tuni kun ci abinci." Na ce, "Baba, kai kac ce in tada shi kowace Jumma'a." Ya ce, "Ni? Allah sarki. Ai hwaɗi kawai niy yi don ki saki rigata, mota na jirana." Inna ta sunkuyar da kai tana tona toka. Ni kuma na mayar da injin zaure, ban kwance bakin zanen ba.

Bai faɗa da mugunta ba, na san haka tun a lokacin. Ya karɓi garkarsa, ya yi shekaru yana ban ruwa da injin nan, yana yaba shi a gaban abokansa wai bai taɓa ba shi matsala ba. Ya rasu bai san an taɓa buɗe cikin injin ba.

Yanzu ina zaune a Jega da iyalina. Idan na bi ta fadamar Aliero da rani nakan ga faifan hasken rana a jingine, ruwa yana fita ba ƙara ba wari, ba igiyar da za ta ci kafaɗar kowa. A gidana da sanyi yara sukan jona abin ɗumama ɗaki idan an kawo wuta, idan an ɗauke su yi ta ƙorafi, sai in kwaso garwashi a kasko, in yayyafa toka, in bar musu gibin saman ƙofa. Ɗakin yakan yi ɗumi, amma ba irin na zauren nan ba. Zoben yana cikin wani gwangwani tare da allurai da maɓallai, 'yata ta taɓa tambaya ko a zubar, na ce ta bar shi. Shi ya manta ya ba ni amana, ni ce har yau ban sami wanda zan mayar wa ba.