Yadda Halilu Ya Koma Ƙafar Hagu

Tun yana ɗan shekara tara Halilu na Kurya Madaro ya ɗaga ƙafarsa ta hagu ta baya, ya damƙe babban yatsanta da hannun dama, ya tsaya kan ƙafar dama ita kaɗai. Haka ake langa. Ana tsalle da ƙafa ɗaya, ana bangazar juna da kafaɗa, wanda ya faɗi ko ya saki ƙafa ya fita. Kowane ɓangare yana da mutum guda da ake kira ruwa, shi ake tsarewa, in ya keta ya kai wurin sha an ci wasa. Shekara goma sha takwas Halilu ya yi yana wannan tsalle kan ƙafar dama, har cinyarta ta fi 'yar'uwarta kauri, tela ma sai ya auna kowace daban. Kullum shi ne ruwan ɓangarensu, har sunansa na yanka ya kusa ɓacewa. Ruwa kawai ake ce masa, har a cikin gidansa.

Shi dai manomi ne, gero da dawa da ɗan wake. Langa ta kaka ce, bayan la'asar, a fage mai ƙura. Da aka ba Zamfara jiharta, sai ga jami'an wasanni daga Gusau suna zagaya garuruwa, wai sabuwar jiha tana son 'yan wasanta na kanta. Suka ga Halilu sau ɗaya suka rubuta sunansa. Ya je Gusau ya dawo da riga mai sunan jihar a baya, wadda matarsa Asabe ta hana shi zuwa gona da ita. Mutum ɗaya ne yake ba shi wuya a duk ƙasar nan, Abbati na Shinkafi, wani gajere mai ƙirji kamar turmi, wanda ya ɓata shekaru yana nazarinsa har ya gano inda ake kayar da shi: a shigo masa ta hagu, ɓangaren da babu ƙafa a ƙasa.

A kakar shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, Halilu na bisa amalanke cike da dammunan dawa, shanun suka firgita, ya zamo, ƙafar amalanken ta bi ta kan cinyarsa ta dama, ɗan sama da gwiwa. Aka kira Jaji maɗori, tsoho mai hannu kamar itace. Ya ja, ya daidaita, ya jera karare ya ɗaure. Ya ce kwana arba'in.

Ranar arba'in Jaji ya kwance ɗaurin, ya latsa, ya ce ƙashi ya kama, a fara takawa da sanda, a riƙa lanƙwasa gwiwar kaɗan kaɗan. Halilu ya gwada sau ɗaya, zafi ya harbe shi har ƙeya. Jaji na fita ya jawo kararen ya mayar da ɗaurin da hannunsa. A ganinsa, in arba'in ta yi kyau, tamanin ta fi. Ƙafar da jiha ke jira ba a yi mata gaggawa. Ya ƙara kwana arba'in cur a kwance yana shan romo.

Da ya tashi kwancewa, ƙafa ta miƙe sambal kamar taɓarya. Gwiwa ta ƙi.

Jaji ya dawo, ya duba, ya yi tsaki.

"Wa ya aike ka, Halilu?"

"Baba, na ga kamar in ta daɗe ɗaure..."

"Ka gani? To ga abin da kag gani nan. Ni ƙashi nika ɗorawa, kuma na ɗora. Jijiya ta mai ita ce. Tahiya kana yi, noma ma kana yi in Allah ya so. Amma tsalle bisa ƙahwag ga, cire shi ga ranka. Ƙashin da anka ɗora kusa ga gwiwa ba ya son duka."

Asabe ce ta raka tsohon zaure.

Lokacin masallatai sun cika maƙil, ana kiran salla kasuwa take tsayawa. Halilu sai ya riƙa zuwa da wuri don ya kama ƙarshen sahu, jikin bango, inda zai miƙe ƙafarsa ba wanda zai yi tuntuɓe da ita. Ba ya iya zaman tahiya. Mutanen da suka saba yi masa kirari suna wucewa suna "sannu, Ruwa, Allah shi ƙara sauƙi," shi kuwa sannun nan ta fi karayar ciwo. Sai labari ya zo cewa bayan kaka mai zuwa za a sake zaɓen 'yan wasan jiha a Kaura, garuruwan Kaura da Shinkafi da Zurmi duka. Wanda bai shiga fage ranar ba, an goge sunansa ke nan.

Asabe ɗiyar kawunsa ce, abokiyar wasansa tun kafin aure, don haka bakinta ba ya jin nauyinsa. Tana kuma da abin da take tsoro. Mahaifinta ɗan dako ne a tashar jirgin Kaura zamanin gyaɗa, ya karye a hannu, ya ƙi motsa shi don zafi, ya ƙare rayuwarsa da hannu a lanƙwashe kamar lauje, ko buta bai ɗauka da shi. Wata safiya ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta aje kaskon ruwan zafi da man shanu, ta zaro karan dawa guda daga danga.

"Taho ka kwanta rub da ciki."

"Mi za ki yi min?"

"Yanka ka za ni yi, in kai kasuwa. Kwanta, Ruwa."

Ta gasa gwiwar da tsumma, ta murza ta da mai, sannan ta kama idon sawun ta tura sama a hankali har ya yi ƙara.

"Wayyo, 'yar kawu, kin kashe ni!"

"Yi shiru, maƙwabta na ji. Ƙato guda, wai ɗan wasan jiha."

Ta riƙe a nan, ta auna da karan daga dunduniyarsa zuwa mazauninsa, ta karye abin da ya yi saura. Kamu ɗaya da taƙi ɗaya. Ta nuna masa.

"Ka ga wanga? Shi ne tsakaninka da zaman tahiya ga salla. Duk Jumma'a muna aunawa. Abin da kac ci, in karye."

Safe da yamma ake yi. Bayan murza, sai ta zaunar da shi bisa turmi, ƙafar na reto, ta rataya masa ƙullin yashi a idon sawu. Da ƙoƙo ɗaya ta fara, sannan biyu. Juma'ar farko abin da ta karye bai kai faɗin farce ba. Ta biyu, yatsa guda. Halilu ya ga kara na raguwa, sai zumuɗi ya kama shi. Ranar da Asabe ta tafi suna Zurmi ya cika ƙullin da yashi ya zauna tun hantsi har azahar. Ta dawo ta tarar da gwiwa ta kumbura kamar ƙwarya. Juma'ar nan dunduniya ko kan karan ba ta kai ba.

"Jiya ka ɗaure ta ta ƙage, yau ka ja ta ta kumbure," in ji Asabe. "Kai ba ka san tsakiya ba? Ko jaki ana sauke mai kaya shi sha iska."

Kwana huɗu ta hana shi komai, sai tsumma mai sanyi daga randa. Daga nan ta kafa doka: kwana biyu aiki, rana ɗaya hutu, kuma duk safiyar da gwiwa ta tashi da ɗumi, ranar ba ta kowa ba ce.

Ana cikin bazara, kara ya dawo taƙi ɗaya. Halilu ya samu dabarar ja da kansa. Ya tsaya kan ƙafar hagu, ya dafa ginshiƙin rumfa, ya miƙa hannu baya ya kamo yatsan ƙafar dama yana ja. Asabe na tankaɗe, ta ɗago kai, sai ta aje rariya ta fashe da dariya.

"Mi ab abin dariya?"

"Saki rumfar in gani."

"In hwaɗi?"

"Saki, na ce. Kai ba ka ga abin da kaka yi ba? Langa fa ce wagga, ta juye kawai."

Ya dubi kansa. Ya saki ginshiƙin. Ya yi tangal tangal, ya yi tsalle ɗaya, na biyu ya zube cikin ƙaiƙayi, kaji suka watse. Yana kwance yana kallon sama ya ce, kamar mai magana da kansa, "Baba Jaji tsalle bisa ta dama yah hana. Bai ce kar a riƙe ta ba."

"Ita kuma ta hagun," in ji Asabe, "shekara goma sha takwas tana kwance ga hannu kamar jinjiri, 'yar'uwarta na wahala. Ta sauko ta biya."

Sai da ya je ya tambayi Jaji. Tsohon ya daɗe yana murza gemu, ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin wanda ya sake ƙafa da girma ba, amma bai ga abin da zai hana ba.

Ƙafar hagu ba ta san komai ba. Siririya ce, idon sawunta na rawa, tsalle goma take gajiya. Da sassafe, kafin rana ta yi zafi, Halilu yakan gangara gulbi, wanda a lokacin duk yashi ne, don yashi yana wahalar da ƙafa amma ba a jin ciwo in an faɗi. Akwai wata tsamiya a ƙetare. Mako uku ya yi kafin ya kai ta ba tare da ya saki yatsa ba. Sannan zuwa da dawowa. Da damina ta faɗi gulbi ya kawo, sai ya koma gona: in ya gama noman kunya, ya dawo farkonta da tsalle. Masu wucewa suka ce karayar ta taɓa masa kai. A gida kuwa Asabe ta cika buhu da ƙaiƙayi, ta rataya a reshen dalbejiya, tana turo masa shi ta inda bai zata ba, ta dama, ta baya, yana tarewa da kafaɗa. In ya faɗi ta ce, "Abbati na gaishe ka." Ta dama masa fura da nono mai kauri, ta dafa wake, ranar hutu kuma ta ɓoye masa takalmi.

Wata Juma'a cikin watan takwas, ta auna, ta karye, abin da ya rage a hannunta bai fi gaɓar yatsa ba. Ranar Halilu ya shiga tsakiyar sahu. Da liman ya zauna tahiya, shi ma ya naɗe ƙafa ya zauna, gwiwa na ja amma ta yarda. Ya daɗe bai tashi ba bayan sallama.

Ranar zaɓe filin wata makarantar firamare a Kaura ya cika. Babu kiɗa wannan karon saboda shari'a, wandunan 'yan wasa kuma duk sun sauko ƙasan gwiwa, amma ihu na nan yadda aka san shi. Kaura ta fitar da Zurmi, da wani matashi a matsayin ruwa, Halilu na gefe. Da aka zo karawa da Shinkafi ya ce a ba shi. Mutanensa suka dubi juna, suka ba shi don kunya.

Abbati ya hango shi daga can.

"A'a! Gurgun Kurya ne? Ruwa, ka bar sandarka gida? Je ka zamna, wallahi ba ni son alhakinka."

"Taho dai, gajere. Na yi kewar ƙeyarka."

Aka busa usur. Halilu ya ɗaga ƙafar dama ya riƙe. Cikin ƙura da turereniya ba kowa ya lura ba. Masu tsaronsa biyu suka faɗi tun da wuri, fili ya buɗe, sai ga Abbati ya taho da gudun tsalle, ya karkata, ya shigo ta hagu kamar yadda jikinsa ya saba shekara da shekaru. Ya zuba kafaɗa da duk ƙarfinsa inda yake tsammanin babu komai, ya tarar da ƙafa kafe a ƙasa, wadda ta sha yashin gulbi da buhun Asabe. Halilu ya girgiza, ya yi baya tsalle biyu, bai saki ba. Abbati kuwa ƙarfinsa ya kwashe shi, hannunsa ya zame daga yatsa, ƙafa biyu a ƙasa.

Ya tsaya baki buɗe yana kallon ƙafafun Halilu.

"Kai! Alƙali, ƙahwa yas sake! Wagga ba ita ce ba!"

Alƙalin wasa ya ce doka ƙafa ɗaya ta ce, ba ta ce wacce ba. Kafin su gama, Halilu ya kai wurin sha.

A zagaye na biyu sun gane shi, sun kayar da shi, don ƙafar hagu ba ta kai tsohuwar sauri ba, kuma ba ta taɓa kaiwa ba har ya bar wasa. Amma jami'in Gusau ya riga ya rubuta sunansa. Abbati ma an ɗauke shi, mota ɗaya suka shiga, yana ta mita har Gusau wai shekara bakwai na karatunsa sun tafi a banza, sai ya sake sabo.

Halilu ya ƙara kaka uku yana langa, sannan ya koma gonarsa. Jaji kuwa, daga wannan shekarar, duk wanda ya kwance wa ɗori sai ya ce masa, "Nawa ya ƙare. Ka tahi Kurya." Maza Halilu ke kwantar da su a zaure, mata su shiga ciki wurin Asabe. Kowa da karansa, an soke su a jere cikin rufin zaure, wani dogo, wani ya kusa ƙarewa. In sabon zuwa ya fara kuka tun ba a taɓa shi ba, sai a ji muryarta daga bayan danga:

"Ruwa, tura mai a hankali. Ka tuna kai ma har Shinkafi anka ji naka."