Ɗan Wata Mata a Gaban Alƙali

Na yi tafinta a kotunan Kano da Injamena da Jidda, amma shari'ar da na fi tunawa ita ce wadda aka yi a Khartum, kafin yaƙin nan ya watsa mu.

Shari'ar ɗan wata maƙwabciyata ce a Dar Salam ta Omdurman, tsohuwa Bahaushiya, ta tashi a gonakin audugar Jazira. Babban ɗanta ya haura arba'in, kuma tun yana saurayi kansa yake juyawa. Wata rana a tashar Suk al-Arabi ya ɗauki dutse ya fasa gilashin motar haya, ya rotsa wa kwandasta goshi. Cewa ya yi an ɓoye mahaifinsa a ciki, alhali mahaifin ya daɗe da rasuwa. Ba shi da takardar likita, don wajen malamai kawai aka riƙa kai shi. Idan ba a gamsar da alƙali ba, kurkuku zai tafi, cikin mutanen da ba su san lalurarsa ba.

Larabcin tsohuwar na kasuwa ne, shi ya sa ƙanwar mutumin ta roƙe ni in raka su kotu.

Alƙali ya dube ta. "Ya Hajja, wannan ɗanki ne? Yaya sunansa?"

Na mayar mata da Hausa. Ta ja mayafi ta rufe baki, ta kafa wa ƙasa ido. Ya sake tambaya, shiru. Mai motar ya yi dariya ya ce wa alƙali, "Maulana, ko uwarsa ta sallama shi."

Na nemi izini na yi bayani: ɗan fari ne, kuma a wajenmu uwa tana jin kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zancensa a gaban mutane. Na ga Larabawa da Turawa suna ado da ɗan fari, mu kuwa ɓoye son muke yi.

"Na ji, ya Haj," in ji alƙali, "amma ba zan rubuta kunya a matsayin shaida ba."

Ƙanwar ta matso. "Inna, don Allah. Khalas, ya isa haka, ki yi magana, rufe shi za su yi."

Tsohuwa ta daɗe tana murza bakin mayafi. Sannan ta juyo wajena, ba wajen alƙali ba.

"Alhaji, gaya masa akwai wata mata a unguwarmu, tana da ɗa."

Ta faɗi yadda ɗan matar ya yi zazzaɓi mai zafi lokacin tsinkar auduga, ya tashi ba shi ba. Yadda yake hira da bango, yadda yake zuba wa mamaci abinci a kwano ya zauna jira. Ta ce idan abin ya sake shi, kuka yake yi yana tambayar wa ya ɓata wa rai.

Alƙali ya ajiye alƙalami. "Ita wannan matar, kin san ta sosai?"

"Tare muke kwana, tare muke tashi. Ko ciwon gwiwarmu ɗaya."

Alƙali ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ya ce a rubuta, mahaifiya ta ba da shaida, a kai wanda ake tuhuma likita ya duba shi.

Da rahoton likita ya zo, alƙali ya ce wanda ba ya cikin hankalinsa lokacin da ya yi aika-aika ba a hukunta shi, amma ɓarna ba ta faɗuwa ƙasa: dangi za su gyara gilashi, su yi jinyar kwandasta. Haka na ji malaman Kano suna karantarwa, sai dai a nan na ga an yi. Kwandastan ya ce ya yafe goshinsa, tunda dama ba kyau ne da shi ba.

Mutumin ya yi watanni a asibiti, aka sallame shi a hannun kawunsa mai kamun kifi a Jabal Awliya. Da na je can na same shi a inuwa yana ɗinkin koma, maganinsa a aljihu. Ya gane ni, ya tashi ya zaɓo mini kifi mafi girma a kwandon, ya ce in kai Dar Salam.